Irin Dawa a Randar Giya

Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, zan iya faɗin sunan maigidana ba kunya: Bawa. Shekara sittin da ɗoriya muka yi a ƙauyenmu na gefen Shanono, shi yana tsare rumfar burkutu a ƙofar gida, ni ina dafawa a ciki. Gidan giyar Bawa ake cewa, alhali ko wuta bai iya hurawa ba. Gwanintarsa biyu ce, raba faɗan mashaya daga kan turmi da tara 'ya'ya har tara, wanda shi ma ni na sha wuyarsa.

Bara ya rasu da haƙori uku a baki. Amma in na tuna shi, shekarar babban fari nake gani, lokacin da shanu ke faɗuwa a hanya.

Damina biyu ba mu girbe komai ba. Ashe Bawa ya rage kwano shida na dawa don iri, bai gaya wa kowa ba. Ya san in na gani a rumbu zan daka wa yara. Sai ya juye shi a randar da nake jiƙa dawar giya, tunda wata huɗu ba a yi dahuwa ba. Wayon namiji ke nan, ya ba kura ajiyar nama.

Ni kuwa na leƙa na ga dawa, na ce ashe mutumin ya samo mana abin sana'a. Na sheƙa ruwa na rufe. Washegari da hantsi ya ɗaga murfi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Tabita, kin jiƙa mana gona."

Busasshen iri ana binne shi ya jira ruwa. Jiƙaƙƙe ba ya jira, kwana uku ya tsira, ƙasa mai zafi kuma dafa shi take. Sama fes kamar an share. In irin nan ya mutu, babu wanda zai ba mu wani, ga baki biyar na yara a lokacin.

Bawa ya bi mashayansa gida-gida. Ya ce wa Dabo, babbansu, "Shekara ashirin ina cika maka ƙoƙo. Yau kai za ka cika mini."

Da tulunan giya suka riƙa jido ruwa daga rijiya, muna shuka, kowane rami ƙoƙo ɗaya. Dabo yana zubawa yana cewa, "Bawa, a nan ma ƙoƙon naka ba ya cika." Malam Mika'ilu maƙwabcinmu, wanda ko inuwar rumfar ba ya takawa, ya ba mu aron jaki, da sharaɗin a wanke tulunan sau bakwai.

Kwana tara muna ban ruwa safe da yamma. Guga na ƙara nisa, mata suka fara harararmu a bakin rijiya, kuma da gaskiyarsu. Ran na goma taɓo guga ya ɗebo. Na tarar da Bawa tsugune a gona yana yi wa tsiro ɗaya inuwa da hularsa. Na fasa tsokanarsa, na tsuguna kusa da shi.

Ruwan sama ya sauka ran na sha biyu. Fiye da rabi ya riga ya ƙone, amma mun ɗaure dami sha ɗaya, ba mu binne yaro ko ɗaya ba.

Tun daga nan kowace kaka shi da kansa yake miƙo mini iri, ya ce, "Riƙe. Kin fi ɓera ɓarna, gara ki san inda yake."

Ranar da zai cika ya ce, "Ina iri?"

Na ce, "Yana rataye a madafa, yana shan hayaƙi."

"Kar ki jiƙa."

"In ka isa ka tashi ka duba."

Bai tashi ba. Bana ruwa ya makara, yau sau uku ina shiga madafa ina taɓa zangarniyar in ji ko a bushe take.