Rediyon da Ya Ceci Idon Malam Ɗanliti

"Ai a lokacin sau biyar nike ɗiga maganin idon," in ji Malam Ɗanliti. "Daga Asuba har Isha'i. Ni a ganina na cika umarnin likita."

Muna zaune a rumfarsa kusa da hasumiyar Gobarau, inda ya shekara talatin yana ɗinkin hula. Ƙyanda ta bar masa hakiya a idon hagu tun yana yaro, don haka da na dama kaɗai yake aiki. A cikinsa ne kuma ƙaiƙayin gero ya faɗa bara, ranar sussuka a gonar ƙaninsa. Ya murtsuke, ya ɗauka abin ya wuce. Bayan kwana huɗu sai ga farin tabo a kan baƙin idon, ko hasken rana ba ya iya kallo.

A asibiti likita ya ɗiga masa wani ruwa rawaya, ya haska da fitila shuɗiya, ya ce gyambo ne. Aka kankari ɗan kaɗan aka kai gwaji, aka gano cutar da ke biyo tsiro ce. Aka ba shi magani ya riƙa ɗigawa duk awa.

Da ya koma, gyambon ya faɗaɗa. Wata nas mai suna Tabitha ce ta zaunar da shi.

"Baba, yaushe kake ɗigawa?"

"Kowace salla, ɗiyata."

"Haba Baba! Ita cutar ba ta jiran ladan. In ka ci gaba haka, ka gama ganin allura."

Ya ce shi bai taɓa ɗaura agogo ba. Ta tambaya ko yana da rediyo, ya ce yana da shi.

"To, duk awa ake labarai. Da ka ji an fara, ka ɗiga."

Na dare kuma matarsa Indo ta ɗauka, da ƙararrawar wayarta. Maƙwabtan rumfa ma suka shiga. Da an soma labarai sai wani tela a cikinsu ya ɗaga murya, "Malam, ido!"

Sai da ya yi wata biyu bai taɓa zare ba. Tabon ya tsaya a gefe, gani ya dawo.

"Allah Ya saka wa yarinyar nan," ya ce. "Hular farko da na gama, mijinta na aika wa."

Ya zura zare a allura karo ɗaya, ya soke ta a aljihu. Sannan ya naɗe wata hula a takarda, ya nufi Ƙofar Guga wajen mai ita.