Layin da Baba Ya Ƙi Saye

Mahaifina manomin albasa ne a ƙasan madatsar ruwan Goronyo, kuma shi ya daɗe yana raba wa manoman yankinsu ruwan rani. Kowa da ranarsa, mai babbar gona da mai ɗan fegi. Ya taɓa bin ɗan ƙanensa da sanda don ya zo da goro yana neman a sa shi gaba. Wannan uban nawa aka ce in raka ƙasar waje a yi masa aikin ido. Na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma likita ya ce ba zai jira ba.

Daga Sakkwato muka sauka wani babban filin jirgi inda za mu canza jirgi, kuma a makare muka sauka. Layin bincike ya nannaɗe tsakanin igiyoyi, ba gaba ba baya, zafi kamar cikin rumbu. Can gefe ga wata 'yar ƙofa, mutane suna ta sulalewa abinsu. Wani ma'aikaci ya ce mini wannan ta masu sauri ce, ka biya a ba ka rasit ka wuce.

"Baba, mu bi can," na ce.

"Can ɗin na su wa na?"

"Na wanda yab biya."

"To waɗanga da munka iske, mi sunka yi da za mu ƙetare su?"

"Ba cin hanci ba na, Baba. Hukuma ta yarda."

"In hukuma ta saida maka ranar ruwan wani, albasatai ba ta bushewa?"

Wani ɗan kasuwa mutumin Rabah da ya ji harshenmu ya sa baki, ya ce ai ba a taɓa haƙƙin kowa ba, wanda ya bar layi ma rage wa saura tsawo ya yi. Wata hajiya a bayanmu ta ce ƙarya ne, muddin waccan ƙofa na kawo kuɗi, wannan layi ba zai taɓa sauri ba. Baba ya ji daɗi ya gyara tsayuwa, sai ka ce zaman majalisa muka zo. Ɗan kasuwar ya ɗauki jakarsa ya bi ƙofar, ya bar mu da gaskiyarmu.

Raina ya ɓaci matuƙa. Kuɗin na aljihuna, ƙofar na gabana, amma ba a jan uba da ƙarfi a gaban jama'a. Na yi tunanin in ce masa layin tsofaffi ne kyauta, sai dai na san shi, sai ya tsaya ya tambayi ma'aikacin. Ina cikin wannan ya hangi wata mata a bayanmu da goyo yana ta tsala kuka, ya matsa gefe.

"Ɗiyata, wuce gaba."

Ta wuce. A lokacin aka fara kiran jirginmu, ni kuwa kuka kawai nake son yi.

Da muka iso wurin binciken aka sa ya cire hula da takalmi, aka zazzage jakarsa, aka tsaya karanta kwalbar maganin idonsa. Na riƙe hannunsa muka yi gudun da tsoho zai iya. Mun tarar an rufe ƙofar shiga jirgin.

Kafin asibitin ya sake ba mu rana, idon ya tafi.

Har yau 'yan'uwana na gardama. Wasu su ce da na biya a ɓoye, wasu su ce Baba ya yi daidai. Ni ba na tanka musu, don kullum ji nake ina tsaye tsakanin igiyoyin nan. Shi kuwa da rani akan kai shi bakin gona ya zauna yana sauraren ruwa, yana tambayar ranar wa ce. Bai taɓa tayar da zancen tafiyar ba sai sau ɗaya.

"Yarinyar ga mai goyo, ta samu jirginta?"

Na ce ta samu. Ban faɗa masa ba cewa jirginmu ɗaya da ita, kuma tana shiga aka rufe ƙofar.