Tsoka a Cikin Kakin Kyandir

Ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma na yi lekol har aji huɗu kafin malamin ya gane ni da Faransanci ba za mu sha inuwa ɗaya ba. Na faɗi haka ne kada wani ya ɗauka masani ke magana. Masaniyar gidanmu guda ce, autata, wadda ke aiki a labo, ɗakin binciken cuta na asibiti, a Yawunde. Ita ma yankan nama take yi kamar ubanta, sai dai nata na mutane ne, kuma tana yanka shi siriri har ana hango haske ta cikinsa. Nakan ce mata da a teburina take wannan yankan, da tuni masu saye sun kore mu daga kasuwa.

Uwarta ta rasu da ciwon daji na mama. Ba zan ba da labarin jinyar ba, don ban riƙe shi a jere ba. Abin da na riƙe, ranar da muka dawo daga maƙabarta na ci tuwo malmala biyu, na zauna ina jiran baƙin ciki kamar mai jiran motar garin Pitowa ta cika. Masu ta'aziyya suna ta cewa, "Ka ga mai tawakkali." Ni na san ba tawakkali ba ne. Ƙafa ce da aka daɗe zaune a kanta.

Ranar sadakar arba'in, bayan la'asar, mutane sun ragu, yarinyar ta same ni a zaure da takarda a hannu. Kawunta yana gefe yana jan carbi. Yayan uwarta ne, Alhaji mai shagon atamfa, wanda shekara talatin da ɗoriya bai gama mamakin yadda ƙanwarsa ta auri mahauci ba.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, sa hannunka nake nema."

Na ce, "Madam Dokta, in gidan ne, bari in mutu tukuna."

Ba ta yi dariya ba. Ta yi mini bayani a hankali, irin na mai lallashin tsoho ya sha magani. Wata jami'a a ƙasar Turawa tana ɗaukar matasa masu binciken daji, ta riƙe su shekara uku da burs, wato ci da sha da karatu duk a kanta. Wanda ya gama yakan dawo ya koyar, har ya buɗe labon kansa. Ita abin da take son ta bincika shi ne irin dajin da ke kama matanmu na arewa. To, ba a bincike da baki. Sai da tsokar da aka ciro daga jikin marasa lafiya, kuma kowace tsoka sai mai ita ko magajinta ya sa hannu ya yarda. Dosiye, wato takardun neman gurbin, ƙarshen wata za a rufe shi, ita kuma ba ta tara ko rabin abin da ake so ba.

Na ce, "To ina ruwan mahauci?"

Ta ce, "Ta Inna tana labonmu. Wadda aka ciro da farko don a gane ciwon. Tana cikin kakin kyandir, ba ta fi ƙwayar sukari ba."

Carbin Alhaji ya tsaya.

Ya ce, "Wato ƙanwata ba duka muka binne ba?"

Dama tun farko shi ya so ya hana a taɓa ta. Daji ba ya son ƙarfe, in ji shi, da allura ta shige shi sai ya fusata. Har gobe a wurinsa wannan cirar ce ta kashe ta. Yanzu kuma ga shi an ce abin da aka cira yana cikin durowa a kudu, tsakanin na arna da na Musulmi, da lamba a jikinsa.

Ya ce, "Ko farce mutum ya yanke binnewa yake yi. A dawo da ita a sa ta a ƙasa. Ke ba ki jin kunya? Da naman uwarki za ki sayi tikitin jirgi?"

Ta ce, "Kawu, gida goma sha na shiga a unguwar Djamboutou. Duk mijin da na roƙa sai ya ce, ke taki uwar fa, ubanki ya yarda? In ce musu me?"

Suka juyo suna kallona su biyun. Na leƙa cikina in ga abin da ke ciki, ko fushi, ko tausayi, ko tsoron Allah, don in bi shi. Ban tarar da kowa ba. Sai tunanin sana'a kawai. Shekara arba'in ina tsaye a mayanka likitan dabbobi yana tsaga hanta, in ya ga ƙulli ya yanke ya jefar, mu sayar da saura. Ban taɓa tambayarsa abin da ke cikin ƙullin ba, shi ma ban ga alamar ya sani ba.

Na ce, "Alhaji, ka yi gaskiya. Za a dawo da ita."

Ya tashi ya tafi masallaci da nasararsa. Yarinyar ta fara naɗe takardar.

Na ce, "Tsaya. Ke nawa kike bukata a ciki?"

"Yanka biyar ko shida. Bawon albasa ya fi su kauri."

"A gidanmu wannan ba nama ba ne, abin da ke maƙalewa a wuƙa ne. Kawo biro."

Sa hannuna yana da wutsiya uku da rawani, shi kaɗai na fito da shi daga lekol. Ta nuna mini wurare biyu, na zana shi a kowanne. Ta kama kuka. Na ce ta matsa kada ta jiƙa dosiye.

Da wannan takardar ta sake zaga gidajen. Wasu suka sa hannu, wasu suka ce mahauci dama me ya sani ban da yanka. Ta koma Yawunde, bayan mako biyu ta dawo da ɗan akwati kamar na ashana. Na buɗe. Kaki ne fari, a tsakiyarsa wani ɗigo ruwan ƙasa. Na juya shi, na kai shi hanci don sabo. Ba ya ƙanshin komai. Matar da na zauna da ita shekara talatin da huɗu, na duba ban ga inda zan gane ta ba.

Da hantsi muka tafi maƙabarta ni da Alhaji. Ya zo da ƙyallen farin yadi sabo daga shagonsa, ya naɗe abin da kansa. Na tona rami ta wajen ƙafafunta. Kafin ya saka, ya ɗago ya dube ni.

"Duka ne?"

Na ce, "Duka ne, Yaya."

Ya saka, ya mayar da ƙasa, ya yi addu'a mai tsawo yana hawaye har gemu. Na yi ta cewa amin. Na yi ƙarya a gaban kabari, na tsaya in ji ko ƙasa za ta motsa, ko ƙirjina. Rana ce kawai ta yi zafi.

Jami'ar ta ɗauki yarinyar. Wata uku bayan haka ta tafi, da akwatin gilasai masu lamba, kowanne da yankan tsoka a kansa, da takardun izini cike da hatimi. Alhaji har filin jirgi ya raka ta, ya sa mata albarka, ya ce ta ga amfanin bin maganar manya.

Takan kira ni ranar Juma'a. Sau ɗaya na tambaye ta wace lamba ce uwarta, ko zan rubuta in ajiye. Ta ce ba ta sani ba. Doka ce, an sauya lambobin, takardar sunayen tana hannun wani farfesa, ita ba a yarda ta gani ba. Kullum tana duba su ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana iya zama ita.

Na ce, "To ki riƙa gaishe su duka."

Sai ta tambaye ni ko ina shan maganin hawan jinina. Na ce ina sha.