Kaza a Kan Duwatsu

A tashar motar Haɗeja wata tsohuwa tana zaune da kwando a cinya. Zanenta ya koɗe, ba ta kallon kowa. Cikin kwandon, baƙar kaza ce kwance a kan duwatsu uku.

Wani direba ya leƙa, ta ce masa, "Tun da ambaliya ta kwashe ƙwanta a Auyo take kwanci a kansu."

Ya ce, "Iya, tsoma ta a ruwan sanyi, kwancin zai sake ta."

Ta rungume kwandon. "Ruwa kuma? Ɗan nan, ruwa ya gama ɗaukar nasa a gidana."

Tana shafa bayan kazar kamar mai lallashin jariri. Har yau ban yarda ƙwai take nufi ba.