Malamar da Take Cire Agogonta

Kafin masu shara su gama da baranda, Malama ta iso. Ofishinta yana bene, amma ba can take fara zuwa ba. Ƙarshen baranda take nufa, inda akwai wani ɗaki tsakanin ma'ajiyar kujeru da banɗaki. Ta buɗe taga, ta goge babban madubin da ke jikin bango, ta jera kujeru suna fuskantarsa, ƙanana na yara, manya na manya. Sai ta kwance agogon hannunta, ta sa a aljihun tebur, ta rufe. Ba ta ƙara taɓa shi sai mutum na ƙarshe ya fita.

Malamar jami'a ce, a sashen da ake koyar da gyaran magana. Ɗakin nan shi ne asibitinta, shi ne kuma ajinta. Nan ake kawo yaro mai in'ina, da yarinyar da aka ɗinke wa leɓe amma maganarta tana fita ta hanci, da dattijon da ciwo ya kwashe wa kalmomi. Ɗalibai suna jere a jikin bango, suna kallo. Dokarta ɗaya ce: wanda ya fara magana, shi zai ƙarasa ta. Ɗalibin da ya ƙarasa wa majinyaci kalma, waje zai yi. Suka sa mata suna Mama Dakata. Ta ji, ba ta kula ba. Akwai wani ɗalibi mai kaifin kai da saurin baki da ya sha kora a kan haka. Yau shi ne Shugaban Sashe.

A wannan ɗakin Mai Walda ya san ta. Mutum ne mai murya, a da in ya yi tsawa a bakin shagonsa har ƙarshen layi ana ji. Wata rana yana tsaka da aiki ƙarfe ya suɓuce masa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Kansa lafiya lau, yana gane komai, amma in ya nemi kalma sai ta maƙale. A asibiti ana tambayar matarsa yadda ya kwana, alhali ga shi a zaune. 'Ya'yansa suka koma yi masa magana da ƙarfi kamar kurma. Wannan ya fi masa ciwon zafi.

Ranar farko Malama ba ta dubi matar ba, shi ta duba.

“Malam, me ke tafe da kai?”

Ya buɗe baki, leɓe yana rawa. Matarsa ta ce, “Wai yana so ya ce...”

“Hajiya, ba ke aka kawo ba.”

“Ai ni na san abin da zai faɗa.”

“To in kin sani, kin sani. Ni ban sani ba, daga bakinsa nake so in ji.”

Ta naɗe hannu ta jira. Kalmar ba ta fito ba ranar. Amma tun da ciwon ya same shi, ranar ce ta farko da wani ya jira shi.

Ta sa aka kawo kayan aikinsa daga shago: guduma, filaya, baƙin tabarau. Ta ce mutum ya fi saurin tuno sunan abin da hannunsa ya sani. Za ta ɗora masa guduma a hannun hagu, su zauna gaban madubi, ya kalli bakinta, ya kalli nasa. Wani lokaci ta riƙa buga masa yatsa a gwiwa, gaɓa bayan gaɓa. Ya yi fushi, ya yi jifa da filaya. Ta ɗauko ta mayar masa.

Kalmarsa ta farko ba guduma ba ce. Matar ce ta sake tsoma baki, ya juya ya kalle ta, ya ce, “Bari.”

Ɗalibai suka ƙunshe dariya. Matar ta ce, “Kin gani ko, Malama? Tun ina yarinya nake addu'a mutumin nan ya yi shiru. Yanzu ina jigilarsa don ya yi magana, da ni ya fara.” Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi.

Ke ce mai jira, Malama. Ke ce kika gane cewa katunan gwajin da ake kawowa daga waje cike suke da hotunan abubuwan da yaranmu ba su taɓa gani ba, yaro ya kasa faɗin suna, a rubuta cewa ba shi da lafiya. Kika bi makarantu da gidaje da 'yar rikodarki, kina naɗar yadda yara suke magana, kika yi katunanki da bokiti da tsintsiya da akuya. Masu ƙarin girma suka ce aikin bai fito a manyan mujallun waje ba. Waɗanda kika koyar suka hau suka wuce ki, kina ƙarshen baranda kusa da banɗaki.

Da ritayarta ta matso, Mai Walda ya zo wata safiya ya tarar da mutane biyu a ɗakin suna gwada bango da tef, daga ƙasa zuwa sama, suna sa alama da alli. Ba sai an gaya masa ba. Ya yi irin awon nan ba adadi, awon kantocin ƙarfe ne. Ya nuna alamar da sandarsa, ya dubi Malama.

Ta ce, “Tsofaffin takardun jarrabawa za su zuba. Na hau bene na sauko har ƙafata ta gaji. Sun ce babu gurbin ɗaukar wanda zai gaje ni, ɗakin kuma ana bukatarsa. Zauna, Malam, ba wannan ya kawo ka ba.”

Ya zauna, amma abin ya tsaya masa a rai. Da ya ji za a yi mata taron bankwana, Mataimakin Shugaban Jami'a zai zo, kuma ana so wani majinyaci ya ce wani abu, sai ya daki ƙirjinsa da hannun hagu. Ya ƙudura zai gaya wa mai ikon, ido da ido, kada a rufe ɗakin. Magana ce gajera. Kullum bayan sallar asuba yana gaban madubin matarsa yana maimaita ta, yana buga yatsa a gwiwa. Bai gaya wa Malama ba.

Ranar taro zaure ya cika. Manya suna babban tebur, ruwan roba a gabansu. Aka yi jawabi a kan jawabi, kowa yana yabon haƙurinta, kowa yana wuce lokacin da aka ba shi. Sannan aka miƙa mata kyautar sashe a cikin kwali, aka buɗe don a ɗauki hoto. Agogon bango ne, babba, mai ruwan zinariya. Mutanen da suka yi shekaru suna ganin tana ɓoye na hannunta, abin da suka zaɓa ke nan. Ta karɓa, ta yi godiya.

Aka kira Mai Walda. Ya taka a hankali, yana jan ƙafa, ya karɓi makirufo. Ya dubi Mataimakin Shugaba. Ya ja numfashi yadda aka koya masa. Kalmar farko ta zo bakinsa ta tsaya. Ya sake ja. Wata kujera ta yi ƙara, wani ya yi tari. Mataimakin Shugaba ya duba agogon hannunsa.

Shugaban Sashe ya ga haka. Ya taso da murmushi, ya dafa kafaɗar Mai Walda, ya zare makirufon daga hannunsa.

“Baba yana so ya ce ya gode wa Malama, ya gode wa jami'a. Mu tafa masa.”

Aka tafa. Da baƙo ne ya yi, da an ce bai sani ba. Wannan kuwa a ɗakin Malama ya tashi. Mai Walda ya tsaya da hannu a buɗe, yana ji kamar ranar da ƙarfe ya suɓuce masa.

Malama ta miƙe. Ta kwance agogon hannunta, ta ajiye shi a kan babban tebur, gaban manya. Ta tako ta miƙa wa tsohon ɗalibinta hannu.

“Ba ni.”

“Mama, lokaci ne...”

“Bai gama ba.”

Ya ba ta, kansa a ƙasa. Ta mayar da makirufon hannun Mai Walda, ta koma gefe ta naɗe hannu. Zaure ya yi tsit. Ana cikin wannan shirun wani ya sunkuya ya raɗa wa Mataimakin Shugaba cewa ana jiransa a wani taron. Ya tashi yana ɗaga hannu alamar neman afuwa, mutanensa suka bi shi. Mai Walda yana kallon bayansu. Bai fasa ba. Ya buga yatsa a cinyarsa, gaɓa bayan gaɓa.

“Kada... ku rufe... ɗakin.”

Maganar ta fita tsaf, babu inda ta karye. Amma kujerar da aka yi maganar dominta babu kowa a kai. Wannan karon ba wanda ya tafa.

An rufe ɗakin. Kantocin suna nan, takardu sun cika su har rufi. Ɗaliban sashen yanzu a littafi suke ganin mai in'ina. Za su fito da shaidar kammalawa ba su taɓa zama gaban bakin da ke rawa sun kame nasu ba. Wanda yake da hannu a wannan, ya sani.

Madubin nata ne, ta kwance abinta. Yana jingine a garejin gidanta, a kan ƙafar ƙarfe da Mai Walda ya tsaya a kai har aka haɗa, yana nuni da sanda yana cewa “Bari” duk inda aka karkace. Iyaye sun gano hanya, suna zuwa. Wasu ɗalibai ma suna zuwa ranar da ba karatu, su jeru a jikin bango. Shugaban Sashe bai zo ba tukuna. Agogon bangon yana cikin kwalinsa, a kansa matar Mai Walda take ajiye jaka.

Malama, ba mu da lambar girma da za mu ba ki, masu ita kuma ba su ba ki ba. Allah Ya saka miki, Ya ƙara miki lafiya. Ku kuma da kuke koyarwa a manyan makarantu, ku je garejin nan ku ga yadda ake yi tun tana raye. Sauran jama'a, naku mai sauƙi ne: in mai nauyin baki ya tsaya gabanka, a shago ko a gida, rufe naka bakin har ya gama.

Godiyar da aka cusa wa Mai Walda a baki ranar taro, daga baya ya faɗe ta da kansa, a gareji, yana kallon Malama. Ta ɗauke shi lokaci. Matarsa ta cije leɓe, ba ta taya shi ba. Malama ba ta san tsawon lokacin ba, agogonta yana aljihun tebur.