Ɗigon Jan Farce a Motar Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya yi wa yayana rasuwa a asibiti, bayan jinyar ciwon zuciya ta wasu watanni. Shi ne babba a cikinmu mu uku, ni ke bi masa, sai Autanmu. Jama'a sun fi saninsa da Lauyan Gareji, sunan da makanikai suka laƙaba masa don tsokana, shi kuma ya karɓe da hannu biyu. Ni dai Yaya na sani, kuma da shi zan yi magana a nan, don akwai zancen da ya tafi ya bar mana a tsakiya.

Yaya, ka tuna motar hayar Babanmu? Ƙara kaɗan take yi ya kai ta gareji. Aka sauke injin ba tare da an tambaye shi ba, aka ce sai ya biya aikin da bai sa a yi ba kafin a mayar. Motar ta zauna a kan duwatsu har kaji suka yi ƙwai a cikinta, Baba kuma ya koma tuƙa motar wani har ƙarshen rayuwarsa. Daga wannan motar ku biyu kuka fito. Kai ka ce sai ka san doka, Auta ya ce sai ya san inji. Da ya gama koyon aiki kai ka saya masa akwatin sifanunsa na farko, kai ka tsaya masa har ya buɗe garejinsa. Ban manta da wannan ba, shi ma bai manta ba, ko da yake ya daɗe yana yi kamar ya manta.

Abokan karatunka sun tafi manyan kamfanoni, kai ka kama ɗaki guda a saman shagon mai sayar da tayoyi. Wanda ya hau benen nan karo na farko sai ya ɗauka ya yi ɓatan hanya. Rabin kantar da ke ɗakin littattafan shari'a ne, rabi kuwa tsoffin ƙarafa, famfon mai, fulogi, takalmin birki, kowanne a cikin leda da sunan mai shi. Ɗakin warin baƙin mai yake yi. Matarka ta sha cewa ita lauya ta aura amma wankin bakanike take yi. Kai kuwa ka ce waɗannan ƙarafan su ne shaidunka, ba sa jin tsoro, ba sa karɓar cin hanci, kuma ba sa tafiya ƙauye ranar zaman kotu.

Abin da kake koya wa mutane bai da yawa, amma ka maimaita shi har jikokinmu sun haddace. Kada a taɓa motarka sai an gaya maka abin da ya lalace da abin da gyaran zai ci, ka amince. In an buɗe an ga wata matsala daban, a tsaya a kira ka. In an ce an canza wani abu, ka karɓi rasit, sannan ka ce a ba ka tsohon, don naka ne. Wannan "ina tsohon?" ta zama kamar gaisuwarka. Wallahi ko kwan fitila aka canza a gidana sai ka tambaya, har na daina gaya maka.

Na ga mutane da yawa sun hau benen nan da kuka sun sauko da dariya. Akwai wata bazawara mai kai wa shaguna burodi, wadda aka riƙe mata mota aka ce sai ta biya sabon batir da ba ta nema ba. Ka bar shayinka a kan tebur, ka bi ta da ƙafa har garejin, ka tsaya cikin rana kana magana a hankali har aka miƙo mata makulli. Ba ka karɓi komai a hannunta ba, sai dai burodi da ta riƙa ajiye maka a bakin bene, kai kuma ka riƙa raba wa masu facin taya. Kuma ba ka taɓa cewa kowane bakanike ɓarawo ne ba. Da wani mai hali ya zo yana so ka ƙwato masa motarsa alhali bai biya aikin da ya amince da shi ba, korarsa ka yi, washegari ka je ka tsaya wa bakaniken kyauta. Shi ya sa ranar jana'izarka masu riga mai tabon mai suka kusa fin lauyoyi yawa.

Amma kana da wata dabara, Yaya, kuma ita ce ta cuce mu.

In ƙorafi ya yi yawa a kan wani gareji, sai ka ɗauko tsohuwar farar motarka lafiyarta ƙalau, ka saci jan farcen matarka, ka ɗiga wa kowane ƙarfe ɗigo guda a lungun da ido ba ya kaiwa. Sai ka ba wani ya kai ta ya ce tana ƙara. In aka dawo da ita aka ce an canza famfo, kai kuma ka leƙa ka ga ɗigonka na nan daram, to magana ta ƙare, sai kotu. Dabara ce mai kyau, ba na musu. Ta ƙwato wa mutane haƙƙinsu, ta sa garejoji da dama sun shiga taitayinsu. Har ta kai makanikai in sun hango farar motar sai su ce ga tarko nan ya taho.

Sai ga wata nas ta zo maka. An ce mata an canza takalmin birki, ta biya, a hanyarta ta zuwa aiki birkin ya ƙi kamawa ta daki katangar asibiti. Allah Ya tsare, hannunta kawai ya karye. Ta miƙo maka rasit, ka duba, sunan garejin Auta ne. Ita ba ta san ƙaninka ba ne.

A nan ne nake cewa da ma. Da ma ka ɗauki waya ka kira shi. Da ma ka je ka ja shi gefe ka ce, Auta, me ya faru? Amma kai ba ka iya rabin abu ba. Ka ce abin da kake yi wa kowa shi za ka yi wa ɗan'uwanka, in ba haka ba ka ci amanar matar. Ka aro wata mota don kada a gane, ka ɗiga mata jan farcenka, ka aika. Auta yana kasuwar kayan gyara ranar, ma'aikacinsa ya karɓa, wanda dama shi ne ya yi wa nas ɗin ha'inci. Ya sake yi. Aka je kotu, ka tsaya a gaban alƙali ka ɗaga ƙarfe mai ɗigon ja, ƙaninka yana zaune yana kallonka.

Auta ya biya diyya bai yi gardama ba, ya sallami ma'aikacin. Tun daga ranar babu motar da ke fita daga garejinsa sai an ɗaura tsohon ƙarfen a leda an ajiye a kujerar gaba. Wato ya ɗauki karatunka kaf, fiye da kowa a garin nan. Amma kai ya ajiye ka. Ya ce mini ba hukuncin ne ya ƙona masa rai ba, gwajin ne. "Ni Yaya zai aiko wa tarko kamar bai san wanda ya haife ni ba?" Haka ya ce, kuma bai ƙara ba.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Ku haɗu a gidana, ɗaya ya shigo ta ƙofar gaba ɗaya ya fita ta baya. Ni ce ta tsakiya a haihuwa, a tsakiya kuma na tsufa. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi fushi na daina zuwa gidan kowa, duk a banza. Kai ka ce ba za ka nemi gafara a kan gaskiya ba. Shi ya ce ba gafara yake nema ba. Kai, taurin kan gidanmu sai dai addu'a, kuma ba na cire kaina.

Da ciwo ya kwantar da kai, wata ranar Asabar ka kira ni ka damƙa mini makullin farar motar. Ka ce, "Kai wa Auta. Ki ce birkin yana ƙara, ya duba mini." Na kalle ka, ka kawar da kai kana gyara matashi. Na san ka, Yaya. Ba ka iya cewa yi haƙuri, wannan makullin shi ne iyakar abin da bakinka zai iya. Na tuƙa motar da murna, ina ta Alhamdu lillahi, birkin kuwa yana ta kuka a kowace kwana, amma ni ina na san bambancin ƙarar gaske da ta tsufa?

Auta ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya daɗe yana kallon motar. Na ga fuskarsa ta saki, na rantse na gani. Ya ɗaga murfin injin ya sunkuya, sai idonsa ya faɗa a kan ɗigon ja a jikin famfon mai. Tsohon ɗigo ne, ya koɗe, na shekarun baya. Amma shi bai ga tsufansa ba, ja kawai ya gani. Ya saki murfin ya rufe da ƙarfi. Ya ce, "Har yanzu? Yana kwance ma bai daina gwada ni ba?" Na rantse masa, na yi magiya, ya ce ai tarkon ba ya aiki sai wanda ya kawo motar ya yarda da ita. Ya sa aka tura ta ƙarƙashin rumfa, ya ce in mai ita yana son gyara ya zo da kansa.

Na koma na faɗa maka yadda aka yi, ban rage komai ba. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka ce, "Da gaskiyarsa. Ni na koya masa tsoron motar nan. Bari in samu sauƙi, da ƙafata zan je." Na ce ka kira shi yanzu, ga waya. Ka ce irin wannan magana ba ta waya ba ce. Shi ma da na matsa masa ya je asibiti, ya ce zai je, bari ya huce. Kowa yana jiran gobe. Ranar Talatar da na kira shi, yana ƙarƙashin wata mota, kafin ya wanke hannu ya iso an riga an rufe maka fuska.

Bayan an watse daga zaman makoki, matarka ta gaya mana abin da ba mu sani ba. Ta ce tun kafin ka kwanta birkin nan yake ƙara, tana ta fama da kai ka kai gyara. Garejoji nawa ne za su yi maka da gudu? Ka ƙi. Ka ce akwai mai gyara ta, lokaci kake jira. Ka daina hawa babban titi, ka riƙa lallaɓawa ta lunguna kamar mai koyon tuƙi. Auta yana zaune a bakin ƙofa yana ji. Ya tashi bai yi wa kowa sallama ba.

Jiya da la'asar ya zo gidanka da farar motar, an wanke ta tas. Ina tsakar gida tare da matarka. Ya shigo da leda a hannu ya tsaya, ya rasa wanda zai kalla. Ya buɗe ya nuna mana takalmin birkin, ya cinye har ƙarfe yana cin ƙarfe, babu ɗigon ja ko ɗaya a jikinsa. Ya ce aikin bai kai tsawon shan shayi ba, da ya cire taya ranar da na kawo ta da ya gani. Sannan ya ɗaga ledar, wannan ƙaton mutum mai furfura, ya ce, "Ga tsohon. Wa zan ba?"

Daga baya ni da shi muka je muka hau benen ofishinka, ya rubuta sunanka a jikin ledar da hannunsa, ya ajiye ta a kan kantar nan cikin sauran shaidunka.

Yaya, na kawo maka saƙon da ba ka jira ka ji ba. Auta ya duba motar, ya gyara, kuma ya gane ba tarko ba ne. Ni na yafe maka taurin kanka, shi ma ya ce in rubuta cewa ya yafe, ya kuma roƙi naka, ko da yake ya san ya makara.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Haƙƙin bayinsa da ka ƙwato musu, Allah Ya sa ka tarar da shi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da ta yi haƙuri da warin mai da satar jan farce, ga 'ya'yanka da jikokinka, ga abokan aikinka, da duk wanda ya taɓa hawa benenka da damuwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Autanmu kuwa, wanda nasa rashin ya fi na kowa nauyi, Allah Ya sanyaya masa zuciya, Ya haɗa ku a Aljanna ku ƙarasa maganar da kuka bari. Amin.