Kaset ɗin da manoma suka goge mini a Sakkwato

Cikin ranakun aikina, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da manoma goma sha biyu suka goge mini kaset. Ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori ne, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen wayar da kai a Talata Mafara, cikin watannin gwaji. Gwaji shi ne a ɗauke ka a zuba maka ido: in shugabanka ya sa hannu ka zama ma'aikaci, in bai sa ba ka koma gidanku. Aikinmu shi ne ɗaukar bayanin noman rani a kaset, mu bi ƙauyuka muna saka wa jama'a.

Bayan kaka aka shirya kai manoman Bakura da Maradun baje-kolin amfanin gona a Sakkwato, babban birnin jiharmu a lokacin. Suna da safiya guda ta hutu, mu kuwa duk muna aiki a fili, ba mai raka su ganin gari. Shugabanmu Malam Umaru ya kira ni ya ce, "Ka yi musu kaset da zai zame musu ɗan jagora, su bi shi da ƙafa. Ran Litinin ka kawo in saurara, da shi zan auna ka."

Na riga su zuwa da kwana biyu. Na taka daga masauki zuwa kasuwa, zuwa ƙofar fada, zuwa Hubbare makwancin Mujaddadi, ina rubuta kowace kwana. Sannan na gyara murya kamar mai karanta labarai na ɗauka. A lokacin ji nake in na buɗe baki jihar duk sai ta yi tsit. Kaset ɗaya tal ma'ajin ofis ya ba ni, don haka ba ni da kwafi.

Na damƙa rakoda ga Malam Sani na Birnin Tudu, manomi ne kuma mai karantarwa a zaure. Ya san kan na'urar, don ƙanensa kan aiko masa saƙon kaset daga Ikko. Da azahar suka dawo cif, kowa baki har kunne. A mota na danna in ji muryata. Na ji ta tana cewa su fita su yi dama, sai ƙwas! Sai ga sallamar Malam Sani. Na juya wurinsa.

"Malam, me kuka yi mini?"

"Ɗana, yi haƙuri. Mun saurare ka har ƙarshe tun a masauki, mun riƙe hanya. Amma Baba Na'Allah na Dakko, da shi anka rubuta tahiyag ga, ciwon ido ya hana shi. Mi za mu kai mai? Sai munka ce bari mu kai mai garin."

Haushi ya ishe ni, amma dattijo ne, sai na haɗiye.

Ran Litinin na ajiye rakoda gaban Malam Umaru, na kunna. A cikin kaset ɗin, mutum goma sha biyu suka gaida Baba Na'Allah ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali da dabbobi. Sannan suka kama hanya da shi. "Baba, ga mu bakin kasuwa, albasa ga ta kamar kan jariri." Wani mutumin Damaga ya tsaya kan shanu har sai da aka janye shi. Suka kai Baba wurin majema suka ce ya toshe hanci. A Hubbare kuwa ba magana, sai cire takalma da addu'a ƙasa-ƙasa.

Malam Umaru ya saurara har kaset ya ƙare. "Kai ka ba su wannan shawara?"

Da na ce i, da ya yarda. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, nawa suka goge."

Ya yi dariya har da hawaye. "Tun da muka fara yawo ƙauyukan nan da lasifika ban taɓa jin muryarsu haka ba." Ya jawo takardata ya sa hannu, ya ce in ɗauki babur in kai kaset ɗin Dakko kafin a saka shi ko'ina.

Na iske tsohon a inuwar zaurensa, na saka masa kaset ɗin. Duk gaisuwar da ta fito sai ya amsa ta daki-daki, kamar mai ita na durƙushe gabansa. Da aka zo Hubbare ya lalubi takalmansa ya tuɓe, ya ɗaga hannu. Ban taɓa jin daɗin aikin nan kamar ranar ba.

Mu masu wayar da kai mun iya baki, kunne ne ba a koya mana ba. A bayan kowane kaset akwai ɗan haƙori, in ka karya shi ba mai iya ɗaukar magana kan taka, kuma dokar ofis ce a karya. Ranar nan mantawa na yi. Daga nan har na yi ritaya, duk kaset ɗin da zan miƙa wa manomi, da gangan nake barin haƙorin.